Kwana Uku Ina Koya wa Mutane Ra'ayinsu

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, ko da kuwa tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina. Gemu ya yi fari, haƙora sun fara sallama, amma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Gara in ba ku labarin da bakina kafin wani ya ba ku ya ƙara gishiri (ko da yake, tsakani da Allah, ban bar wa gishirin wuri ba).

Wajen ƙarshen mulkin farar hula na biyu ne, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa. Ina saurayi, ban daɗe da fitowa daga makarantar koyon aikin lafiya ba, aka tura ni ɗakin shan magani na wani ƙauye da ke bakin titi tsakanin Boɗinga da Shagari. Ni kaɗai ne ma'aikacin, shekarata ta uku ke nan a wurin. Kantar magani babu komai sai jan maganin da ake shafa wa miki, da ƙwayar ciwon kai, da bandejin da nake wankewa in shanya in sake naɗewa. Amma ina da farar riga mai kaifin guga, da biro uku a aljihu (ɗaya ne kawai ke rubutu), kuma mutanen gari suna ce mini Likita. Ban taɓa gyara musu ba, daɗi nake ji.

Kafin ka shigo garin akwai wata muguwar kwana. In lokacin albasa ya zo, manyan motoci suka fara lodi daga fadamun Danchadi da kewaye, da wuya a ɗau dogon lokaci ba a ji ƙara daga wajen ba. Da an ji, gari duk sai ya kwasa a guje, maza da mata, kowa da abin da zai iya.

Ana nan sai takarda ta zo mini daga Sakkwato ta hannun wani direba. Wani babban likita ne, na gaske ba irina ba, zai zo garinmu. Ya ce suna shirin yin bincike a kan yadda ake kula da mutum bayan hatsarin mota, amma ƙarfinsu bai wuce su ɗauki tambaya ɗaya tak ba. Don haka yana so in tara masa waɗanda abin ya taɓa shafa, da direbobi, da masu sana'a a bakin titi, su faɗa masa da bakinsu abin da ya fi kamata a bincika. Abin da taron ya zaɓa, shi za su sa a gaba.

Na karanta sau uku. Na ce a raina, yau ga sabon salo, yaushe likita ya fara neman shawarar mai ƙosai? Sai na yanke cewa kara ce kawai irin ta manya, abin da yake so shi ne tarba mai kyau. Tarba kuwa na san ta. Na ga yadda ake yi lokacin yaƙin neman zaɓe: tun kafin baƙo ya iso an zaɓi masu magana, an gaya wa kowa abin da zai ce da inda zai tafa. Haka muka tashi muka ga ana karɓar duk wanda ya fito daga birni, ba a barin baƙo ya ji ɓaraka.

Kuma ina da nawa burin, ba zan ɓoye muku ba. Motar ɗaukar marasa lafiya nake so. Na lissafa cewa in kowa ya ce ita ce matsalar, likita zai rubuta, rubutun zai hau sama, wata rana sai ga farar mota a ƙofar ɗakina. Har na hango kaina a gidan gaba, gwiwar hannu a taga, muna ratsa Boɗinga da jiniya ranar kasuwa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu magana.

Na je na faɗi gaban Maigari na yi masa bayani. Ya ce, "Kai kas san aikinka, ɗana. Kada dai a ba mu kunya gaban baƙo." Da wannan izini na zaɓi mutum goma sha biyu, na sa su zuwa gindin darbejiyar da ke gaban ɗakin shan magani kullum bayan la'asar. Kwana uku muna yi. Ni nake zama baƙon likitan, in rataya abin awon ƙirji a wuya, in ƙanƙance ido in ce, "Mece ce babbar matsalarku?" Su kuma su amsa ɗaya bayan ɗaya, "Babbar matsalarmu rashin motar ɗaukar marasa lahiya." Wadda ta fi ba ni wuya ita ce Inna Kulu, tsohuwar da ke suyar ƙosai daf da kwanar. Kullum ita ce ta farko a wurin hatsari, shi ya sa na sa ta, amma haddar ta ƙi zama a kanta. Sai da na raba mata ita gida biyu.

A rana ta biyu, bayan an watse, Malam Manu ya tsaya. Manomin albasa ne, mutum mai sanyi, wanda in yana magana ƙasa yake kallo. Ƙanensa Bawa ya yi hatsari a kwanar nan shekara biyu da suka wuce. Yana saman lodi motar ta kife, ya faɗo ta baya. Da aka isa wurinsa yana magana, yana motsa yatsun ƙafa, bayansa kawai yake cewa. Aka tsayar da wata ƙaramar mota, aka naɗe shi a zaune a kujerar baya, Manu na riƙe da kafaɗunsa. Kafin a kai Sakkwato ƙafafun sun daina jin komai, kuma ba su sake ji ba.

Manu ya ce, "Likita, ni ba mota ta dame ni ba. Abu guda nika son in tambayi baƙon ga. Hwaɗuwar ta kashe ƙahwahun Bawa, ko ɗaukar da munka yi mai? Shekara biyu ke nan, ko ruwa nika ba albasa abin na cikin raina."

Na gyara tsayuwa na ce masa wannan ba tambayar bincike ba ce, maganar gida ce, kuma in ya faɗe ta gaban baƙo zai ja wa gari abin faɗa. Ya ce to, ya sa takalmansa ya tafi. Abin da ban ce ba, kuma shi ma ya sani, shi ne ina wurin a ranar. Ni na riƙe ƙafafun Bawa. Ni na lanƙwasa gwiwoyinsa da hannuna don ƙofar motar ta rufu. Ba garin nake karewa ba, farar rigata nake karewa.

Ranar Talata ta zo, ana tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa gurasa a kan dutse. Na sa an share wuri, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi, an aro kujera mai hannu daga makarantar firamare. Ina jiran mutum mai kwat da tumbi, sai ga wani siriri ya fito daga tsohuwar mota, da 'yar shara da silifas da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ya durƙusa ya gai da Maigari yadda ya kamata, ya dubi kujerar ya ce a ba wani dattijo, shi ya naɗe ƙafa a tabarma. Tun daga nan na fara shan jinin jikina.

Na miƙe na yi jawabin maraba, rabi Hausa rabi Turanci (Turancin don shi, amma ina lura shi ma bai gane wasu wuraren ba). Da na gama ya yi godiya, ya juya ga wani direban akori-kura da ke sahun gaba. Ina jira in ji tambayata, sai na ji ya ce, "Malam, ranar da kat taɓa iske hatsari bisa hanya, mi kaf fara yi?"

Wannan ba ta cikin karatunmu. Direban ya saci kallona, na yi masa ƙifce, shi kuwa ya ɗauka cewa nake ya saki. Ya share murya ya ce, "Babbar matsalarmu rashin motar ɗaukar marasa lahiya." Likita ya ɗaga kai, ya rubuta. Ya tambayi na kusa da shi, wani mai facin taya, ko wa ke fara isa wurin in mota ta faɗi. Mai faci ya ce babbar matsalarsu rashin motar ɗaukar marasa lahiya. Na uku aka tambaye shi kwana nawa ya yi a asibiti lokacin da ya karye. Ya ba da amsa iri ɗaya, har da ɗaga yatsa a daidai inda nake ɗagawa. Gumi ya karyo mini, ya bi ta cikin farar rigar yana gangara. Likita ya daina rubutu, ya rufe biro.

Sai ya juya ga Inna Kulu, ya sassauta murya. "Inna, an ce ke ta kusa da kwanar. Mi idonki ya gani?"

Inna ta gyara lulluɓi, ta miƙe tsaye kamar yadda na koya mata, ta harɗe hannu a ƙirji. "Babbar matsalarmu," in ji ta da ƙarfi, "rashin motar ɗaukar… ɗaukar…" Ta tsaya. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa. Ina addu'a a raina Allah ya sa ta zauna kawai. Ina! Sai ta waiwayo ta nuna ni da baki a gaban kowa ta ce, "Ɗan nan, ɗaukar mi kac ce? Wallahi jiya na iya ta sarai."

Kafin in buɗe baki, sauran goma sha ɗayan suka haɗa murya kamar 'yan aji ɗaya: "Marasa lahiya!"

"Yawwa," in ji Inna, ta tafa hannu. Ta juya ga likita, wai za ta wanke ni. "Kada ka ga laihinai, Likita. Yaron ga ya yi ƙoƙari. Kwana ukku shina koya muna, ni ce kaina ya tsuhwa."

Jama'a, na ji kunya a duniya, amma irin ta ranar nan ban sake ji ba. Maigari ya ɗaga kai yana nazarin ganyen darbejiya kamar ranar ya fara ganinsa. Wani daga baya ya saki dariya ya mai da ita tari. Ni kuwa ina tsaye ƙiƙam da abin awon ƙirji a wuya, na rasa inda zan ajiye hannuwana. Likita ya yi ƙoƙari ya danne, ya cije leɓe, ƙarshe dai ta ƙwace masa. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido, taron duk ya ɗauka.

Na zaci zai tsinka ni. Bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Malam, ka sha aiki. Taho zauna nan kusa gare ni." Ya miƙo mini littafinsa. "Kai za ka yi muna rubutu. Abin da sunka ce za ka rubuta, ba abin da ya kamata su ce ba." Sannan ya dubi mutane ya ce shi ya san asibiti, amma bai taɓa tsayawa a kwanar nan mota na kife ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ce mota abu ne mai kyau, amma ba shi da ita, ba kuma zai yi musu alkawarin ƙarya ba.

An kwashe musu haddar, ba su san ko an yarda su yi tasu maganar ba. Ina kallon Manu a can gefe. Ya miƙe, na ce shi ke nan, sai na ga ya juya ya fita daga taron. Wallahi har ajiyar zuciya na yi, Allah ya yafe mini. Ba a jima ba sai ga ƙarar amalanke. Manu ne ya turo Bawa, an jingina shi da buhu, ƙafafun a miƙe an rufe da zane.

Bawa, duk da halin da yake ciki, bakinsa bai mutu ba. Tun daga nesa yake cewa, "A ba sarki hanya!" Manu ya tsayar da amalanken gaban likita, ya durƙusa, ya ba da labarin tun daga kifewar mota har ƙofar asibiti. Sannan ya yi tambayarsa. Ni kuma ina rubutawa, kalma bayan kalma, da hannun da ya yi aikin.

Likita ya gyara zama, ya fuskanci Manu. Sannan ya ce, "Malam Manu, ba ni yi maka ƙarya. Ban sani ba. Mai yiwuwa hwaɗuwar ta riga ta gama aikinta, mai yiwuwa ɗaukar ta ƙara. Allah kaɗai ya san wannan. Abin da nis sani, mai kukan baya ko wuya ba a naɗe shi, kwance aka ɗaukar shi bisa abu mai ƙarhi." Ya ɗan tsaya. "Babu wani ma'aikacin lahiya kusa a ranar?"

Nan ne abin da ya fi kunyar farko nauyi ya same ni. Babu wanda ya dube ni. Mutum ya fi hamsin a wurin, rabinsu sun ga abin da ya faru da idonsu, amma kowa ya sami abin kallo a tabarma. Inna Kulu, wadda yanzun nan ta kwance mini zane a kasuwa, ta ja bakinta ta tsuke. Manu, wanda na hana magana, ya ce a hankali, "Jama'a na da yawa, Likita, ba a tantancewa." Mutanen da na raina har na ga sai na sa musu magana a baki, su ne suke rufa mini asiri.

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na ce, "Ni ne. Ina wurin. Ni na lanƙwasa ƙafafun." Muryar da ta fito ba irin ta jawabin maraba ba ce.

Bawa ne ya cece ni. Ya ce, "Kai, Likita, bar yaron ga. Ko takalmi bai sa ba yaz zo a guje. Kuma shi yaf fara cewa a nemo abu mai hwaɗi. Anka duba gari duk, babu abin da yad dace sai makarar masallaci. Ni da bakina nic ce in sunka aza ni bisa makara ina numhwashi ban yahe ba." Ya yi dariya, amma shi kaɗai. "Ka ga, na tsere ma makara, na hwaɗa amalanke."

Gaskiya ya faɗa, na yi maganar, amma sau ɗaya na yi ta, cikin sanyin murya. Da na ga dattawa suna a'uziyya sai na ja bakina, don kada a ce yaron gwamnati yana yi wa mai rai fatan mutuwa.

Daga nan bakin mutane ya buɗe, har sai da aka yi sallar azahar aka dawo aka ci gaba. Direban akori-kura ya ce shi ya sha ɗaukar mutane a kan buhunan albasa, bai taɓa sanin akwai illa ba. Inna ta ce ita ruwa take fara ɗura musu, ta tambaya ko daidai ne, likita ya ce a'a, ta dafe ƙirji tana salati. Liman ya ce makara itace ce, babu zunubi, amma ya san ko shi aka ce ya hau da ransa sai an yi da gaske. Wani ya ce a ciro ƙyauren shago, wani ya ce murfin bayan mota, kafinta ya ce shi zai iya haɗa katako mai hannuwa in dai ba zai yi kama da waccan ba. Na cika shafi bayan shafi, biron nan guda mai rubutu har ya ƙare, likita ya ara mini nasa.

Da aka zo zaɓe, aka ce a ɗaga hannu. Kusan kowa ya tsaya a kan abu ɗaya: a bincika abin da mutanen bakin titi ke yi wa wanda ya ji rauni kafin a kai shi asibiti, da abin da za su yarda su ɗauke shi a kai. Motata ta sami hannu ɗaya, na Inna Kulu. Ta ce ba za ta sha wuyar hadda a banza ba.

Ba da daɗewa ba sojoji suka karɓi mulki, abubuwa suka ƙara tsuke, ni ma aka sauya mini wurin aiki. Ban san inda binciken ya kwana ba, ba zan ce muku ga abin da ya gano ba. Na dai san kafinta ya cika alkawari kafin in bar garin, ya shafa wa katakon koren fenti, aka jingina shi a rumfar Inna.

Abin da ya zauna mini shi ne bayan an watse a ranar. Na cire farar rigar, na je na kama wa Manu hannun amalanke ɗaya, muka tura Bawa gida. A ƙofar gida na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, suka ƙi haɗuwa. Manu ya dafa kafaɗata, karo na farko da na ga ya dube ni ido cikin ido. Ya ce, "Bari, Malam. Baƙon bai ce ba ni na ba, kuma bai ce ni na ba. Amma na tambaya, an ji ni. Shekara biyu ina ɗauke da abin ga, ina cewa ni ɗai na. Ashe mu biyu mu ke ɗauke da shi."

Tun daga ranar, in aka ce in tara mutane a ji ta bakinsu, tabarma kawai nake shimfiɗawa in koma gefe in kama bakina. Wanda kuma ya ga lallai sai ya koya wa jama'a abin da za su ce, ga shawarar wanda ya riga shi shan kunya: kada ya kuskura ya sa tsohuwa mai gaskiya a sahun gaba.